Mai Tsintar Ƙwallo

Ƙarfe shida a Sheffield, gari bai gama wayewa ba,
yayyafi na sauka kamar mai jin kunyar ƙasa.
Na buɗe kwaɗon fili na uku da sandararrun yatsu,
na jawo keken ƙwallaye, tayarsa ɗaya na kuka
irin kukan da gwiwata ta hagu ke yi a kan matakala.

Sallau sunana. Yaran nan Koci Sal suke cewa.
Na bar musu, baƙo ba ya gyara wa gari harshe.

Da can akwai allon da ya san sunana duka,
da lamba a gefe: na ɗari biyu da sha ɗaya a duniya.
Kada ka yi dariya.
Tambayi wanda ya taɓa hawa nawa ne kuɗin kowane taki.
Na kwana a tashar jirgin Crewe, jaka ce matashina,
na ci burodi da waken gwangwani mako uku a jere
don abin da ya rage ya isa sabunta tsirkiyar raket.

Wasa ɗaya ya rage in taka ciyawar Wimbledon.
Ɗaya tak.
Wani dogo ɗan Sweden, bahago, marar fara'a,
muka yi ta kunnen doki har rana ta gaji da kallonmu.
Ƙwallo ya faɗo gajere, dab da raga,
na zabura, sai na ji ƙas,
kamar an taka busasshen kara.
Shi ne ya tsallako ya sa mini tawul ƙarƙashin kai.
Har yau ban yafe masa wannan kirkin ba.

Shekara biyu ina tuƙa motar raba kaya,
in rediyo ya ambaci tenis, in murɗe masa wuya.
Sai wata tsohuwa, Misis Hepworth, da na kai wa kwali
ta dubi kantar tafina, ta ce, "Muna da yara, ba mu da malami."

Cikinsu akwai Bryony, 'yar direban bas, shekara tara,
zuciya a kusa, tana jifa da raket in ta kuskure.
Na ce mata, "Ƙafa ke buga ƙwallo, hannu ɗan aike ne."
Ta harare ni. Ta dawo washegari.
Ta dawo cikin ƙanƙara, ta dawo da mura,
ta dawo ranar da aka binne kakarta, ba ta ce uffan ba,
muka buga awa biyu, raga ce kaɗai ta yi magana.

Tana sha biyar ta ci ni shida da nema.
Na shiga mota na kulle, na yi ta dariya
har na rasa ko dariyar ce ke jiƙa mini gemu.

Tana sha bakwai suka zo daga Loughborough
da kyamarori da na'urar auna numfashi.
Uban ya kasa kallon idona. Na ce, ku tafi,
kogi ba ya tsayawa gaida rijiya.
Ƙarya nake. Na so ta waiwayo.

Jiya na gan ta a talabijin ɗin shagon aski.
Kafin bugun farko ta dunƙura ƙwallo sau biyar,
ta hura yatsunta, ta taɓa kunnen dama.
Ban taɓa koya mata wannan ba.
Ban ma san ina yi ba
sai da na ga hannuna a jikin wata.

Yanzu ga su sun watse, an tafi makaranta,
ƙwallaye tamanin warwatse kamar 'yan tsaki.
Ina da shekara goma, ba takalmi, a kulob ɗin Kaduna,
da wannan aikin na fara, ana ba ni sule biyu.
Na sunkuya. Gwiwa ta yi ƙorafinta.
Saura ɗaya can gindin waya, ya sha ruwa ya yi nauyi.
Shi ma na ɗauka. Zai bushe kafin Laraba.